Yayana Tafinta da Hatsin da Na Sare

Ranar Talata da hantsi muka kai Yaya makwancinsa a Dogarawa. Na Allah muke, gare Shi za mu koma. Kafin azahar ƙofar gida ta cika, har sai da aka aro tabarmin masallaci. Mota guda ta zo daga Tawa cike da ɗaliban shari'a, maza da mata. Bayansu wasu manya suka sauko daga ƙananan motoci, waɗanda suka taɓa cin tuwon gidan nan suna ɗalibai, yau kuwa wannan alƙali ne, wancan lauya. Suka tuɓe takalma suka zauna a ƙasa kamar kowa. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta zo tun daga Badagishiri, ta tsaya bakin zaure tana kuka, tana cewa shi ne ya fahimtar da ita cewa mace ma tana da gado a gonar ubanta. Matar Yaya ba ta yi kuka a gaban jama'a ba. Duk wanda ya shiga gaisuwa sai ta ce masa malamin ya tafi da alwalarsa.

Ni ina gefe, kusa da katanga. Tabarmar da nake kai tana ɗaukar mutum biyar, amma ni kaɗai ne a kanta. Ƙanwarmu ta fito ta gan ni, ta ce, "Ka zo?" Ta wuce. Na ji wani ɗalibi yana tambayar na kusa da shi ko wane ne tsohon can, aka ce masa a hankali, ƙanen mamacin ne, wanda ya karya masa hannu.

Gaskiya aka faɗa masa. Kwana uku ina jin mutane suna yabon Yaya, kuma duk abin da suka faɗa haka yake, amma kowa sai ya zagaye wurin da nake. Karatuna bai wuce aji shida na lakwal, wato makarantar boko, ba, ga tsufa, ga ido ya rage. Duk da haka zan rubuta, don ba a iya sanin ko wane ne Yaya in an cire abin da na yi masa. Kuma akwai abu guda da ya nema a gare ni yana da rai, ban yi ba.

Shekara tara ya ba ni. Shi aka kai lakwal da fari, ya wuce, ya zama tafinta a kotu a Ƙonni. Wajen shekara talatin yana tsaye tsakanin alƙali mai Faransanci da talaka mai Hausa. Abin da aka san shi da shi ke nan, ba ya ƙara kalma, ba ya ragewa. An daɗe ana ba da labarin wani mai shanu da ya matso kusa da shi a tsakiyar shari'a ya raɗa masa cewa ya gyara masa maganar ta yi daɗi, akwai ɗan maraƙi a gida. Yaya ya juya ga alƙali ya fassara wannan ma, har da maraƙin. Da ana ba shi labarin daga baya sai ya yi murmushi ya ce shi bai ga inda aka ce ya tsaya ba.

Da ya ajiye aiki ya dawo gida, wani malamin jami'a ya zo ya same shi. Ya ce suna fitowa da ɗalibansu na shari'a lokacin hutu, su zauna ranar kasuwa, duk mai damuwa ya zo a saurare shi kyauta a nuna masa hanya, sannan a yi wa jama'a bayani kan doka. Matsalarsu ita ce yaran sun san littafi, amma in suka buɗe baki ba mai gane su. Yaya ya ce a kawo su.

Tun daga nan gidansa ya zama masaukinsu. Maza a zaure, mata a ɗakin matarsa. Suna ba shi labarin jami'a, yadda ake sammakon kama kujera tun bayan asuba, wanda ya makara ya ɗauki darasi daga taga, yadda mutum shida ke karatu da takarda guda. Shi kuma ya kafa musu doka: duk wanda ya saka kalmar Faransanci a gaban mai neman shawara, zai ɗebo guga biyar a rijiya. Randunan gidan ba su taɓa cika kamar lokacin ba. Da la'asar sai ya sa su yi shari'ar gwaji a tsakar gida, wannan alƙali, wannan mai ƙara, shi kuma ya naɗe a tabarma ya zama tsoho kurma wanda aka cinye wa gona. In ɗalibi ya gama dogon bayani, sai ya kama kunne ya ce, "Mi kac ce, ɗana? Sake, ban ji ba." Sai yaro ya faɗa sau huɗu, har maganar ta koma wadda za a faɗa wa kaka. Akwai wani dogo mai gilashi, ɗan Yamai, wanda Hausarsa ta birni ke ba kowa dariya. Yaya yana kiransa Alƙalin Gobe, yana cewa in bai koyi zama a tabarma ba, ba zai iya zama a kujera ba.

Ni ma na sha zama ina kallo ina dariya. Lokacin ban san abin zai biyo ta kaina ba.

Mahaifinmu yana da gona a gabas da gari, wadda ya ba wani baƙo aro tun muna yara. Yadda ake yi a nan, mai aro yana noma ya ci, amma kowace kaka yana kawo dami guda gidan mai gona, don kowa ya san ƙasar ba tasa ba ce. Baƙon ya rasu, ɗansa ya ci gaba da noma, kuma bai taɓa fashin kawo damin ba. Tare muka yi kiwon awaki da shi. Bayan rasuwar mahaifinmu gonar ta faɗo a rabona. 'Ya'yana maza sun girma, ƙasa ta yi mana kaɗan, na so in karɓa. Ina da haƙƙin karɓa. Amma mai gona yana faɗa wa mai aro ne tun da rani, kafin a kai taki, kafin a yi shuka. Ni na yi shiru har ya zuba takin shanu, ya shuka, ya yi noman fari da maimai, hatsi ya kai ƙirji ya yi baƙi ƙirin. Sai da na ga kyan hatsin nan sannan na aika masa cewa ya fita. Ba zan ɓoye ba, hatsin na so.

Ya zo ya roƙe ni in bari ya girbe. Na ƙi. Sai ya tafi wurin ɗaliban.

Ranar kasuwa ce. Sun kafa teburinsu ƙarƙashin itacen dogon yaro, jama'a ta kewaye su. Ɗan Yamai ne ke bayani, Yaya yana mayarwa da Hausarmu. Ba su ambaci suna ba. Cewa suka yi mai gona yana iya karɓar gonarsa, amma ba ya korar mai aro da shuka a tsaye, kuma in an saɓa, wurin maigari ake fara zuwa, in bai yiwu ba a je gaba, ba wanda ke yanke wa kansa hukunci. Kowa a wurin ya san gonar da ake nufi. Idanu suka juyo kaina. Abin da ya ƙona ni shi ne da muryar Yaya maganar ta fito, ɗan uwana uwa ɗaya uba ɗaya, a tsakiyar kasuwa.

Na kutsa na kifar da teburin. Takardu suka watse cikin laka. Ɗalibin ya ɗaga hannu yana cewa Baba ka saurara, na zabga masa mari, gilashinsa ya karye ya yanke shi a ƙasan ido. Jini ya sauko masa har wuyan riga. 'Yan matan suka ja baya suna salati. Yaya bai ɗaga murya ba. Ya duƙa yana tsintar takardu ɗaya ɗaya, ya ce da ni in tafi gida, in rana ta yi sanyi zai zo mu yi magana.

Ban jira shi ba. Washegari da sassafe na tara 'ya'yana biyu da ɗan ƙanwarmu, muka ɗauki adduna muka shiga gonar. Muka fara sara daga gefen hanya. Hatsin da bai fid da kai ba in an sare shi yana da wani wari na ɗanye. Mun kwantar da kusan rabi sa'ad da mai aron ya iso da gudu, ba hula, ba takalmi. Bai zo da makami ba. Ya rungume wani gindin hatsi ya ce mu sare shi tare da shi. Babban ɗana ya ture shi, ya tashi ya kama wuyan rigar yaron. Ni kuwa na ajiye adda, na ɗauki gorata mai ƙarfe a kai.

Daidai nan Yaya ya iso, ɗalibai biyu na biye da shi. Yana haki, rawaninsa ya warware. Ya kira ni da sunan da Inna ke kirana. Na ji shi sarai. Na ɗaga gorar na sauke a kan mai aron, gefen hagu, sama da kunne. Ƙarar ta yi kamar an fasa ƙwarya. Ya faɗi a kan karan da muka sare, ƙafarsa guda tana shure-shure, jini na fita ta kunne da hanci. Na sake ɗagawa. Yaya ya tare da hannunsa na dama, na ji ƙashin ya karye ta cikin gorar har tafin hannuna. Ya durƙusa, hannun ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwashewa. Bai yi ihu ba. Ya rarrafa da gwiwa ya kwanta a kan mutumin, ya ɗago ya dube ni ya ce, "In ba ka gama ba, ga ni."

Gorar ta faɗi daga hannuna. Ɗaliban suka yage rigunansu suka ɗaure kan mutumin, aka samo amalanke, daga hanya aka sa su a mota zuwa asibiti. Ɗan ƙanwarmu kuwa da ya ga jini ya ruga, kafin azahar ya ƙetare zuwa Najeriya.

Wannan gudun nasa shi ya ba dangi dabara. Mu mutanen bakin iyaka mun san ta: in abu ya ɓaci, a ɗora wa wanda ya riga ya ƙetare, ya zauna can shekara kaɗan har magana ta mutu. Baffanmu ya tara manya a zaurensa da yamma. Mai aron yana kwance bai san inda yake ba, ɗalibai baƙi ne, maganarsu ba za ta rinjayi ta 'yan gari ba. Saura Yaya. Aka ɗauko shi daga asibiti da hannu a ɗaure. Baffa ya ce masa shi ya san bakin kotu, ya koya wa kowa abin da zai faɗa, yaron ba abin da zai same shi a can, ni kuwa ina da iyali goma sha. Ƙanwarmu tana bayan ƙofa tana jin ana shirin sayar da ɗanta, ba ta da bakin magana a gaban Baffa.

Yaya ya saurara har aka gama. Sannan ya ce yaron nan bai taɓa kowa ba, in aka ɗora masa, ba zai sake taka garin uwarsa ba sai a ɓoye. Baffa ya ce to ɗan uwanka fa? Ya ce, "Baffa, ɗan uwana ne, shi ya sa hannuna ya karye. Amma in an tambaye ni, abin da na gani zan faɗa."

Baffa ya tashi ya jefe shi da buta, ya ce ya tsine wa lakwal ɗin da ta raba mutum da jininsa. Ni na rantse a gaban kowa cewa in ya buɗe baki, ni da shi sai a lahira.

Da jandarmomi suka zo suka tambaye shi, ya faɗa. Ya faɗi saran hatsin, ya faɗi dukan farko da na biyu. Ya kuma faɗi cewa na yar da gorar da kaina, ba wanda ya ƙwace ta. Suka ɗaure ni a ƙofar gidana, matata da jikokina suna kallo. Aka yanke mini shekara huɗu.

A gidan kaso na gane cewa ɗaliban nan har can suke shiga, suna zama da waɗanda ba su da mai tsaya musu, suna karanta musu takardunsu. Wata rana aka kira ni, na tarar da ɗan Yamai, da tabo a ƙasan idonsa. Ya gaishe ni da Baba, ya ce Baba Tafinta ne ya aiko shi ya duba ko akwai abin da doka ta ba ni wanda ban sani ba. Na tofa masa yawu a takalmi. Ya dawo bayan mako biyu. Yaya kansa yana zuwa duk wata da fura da goro, ina cewa a gaya masa ba ni da wa. Yana barin furar ya tafi. Matata ce ta gaya mini daga baya cewa rumbunsa ya buɗe wa gidana duk shekarun nan, kuma da 'ya'yana suka so su koma gonar, shi ya tsaya ya ce mai aro zai ci gaba da nomanta har in fito in faɗi tawa da rani kamar yadda ake yi. Hannun bai ƙara miƙewa ba. Mutumin da ake zuwa daga nesa ya rubuta wa mutane takarda, ya koma koyon rubutu da hagu yana da shekara sittin da wani abu.

Na fito, na riƙe rantsuwata shekara bakwai. In na hango shi a hanya sai in sauya. A masallacin idi in ya tsaya dama, ni hagu. Yana aiko mini da cinyar layya kowace shekara, ina mayarwa. Gonar ban sake waiwayarta ba, ba don kirki ba, ƙafata ce ba ta iya zuwa wajen. Mai aron ya rayu, amma gefen jikinsa na dama ya mutu, maganarsa ta koma ja. 'Ya'yansa ke noma. Gidansa yana bayan makarantar allo, tafiyar da ba ta kai shan kofin shayi ba daga nawa. Na san hanyoyi uku na zagaye shi.

Bara da kaka ciwo ya kwantar da Yaya. Matarsa ta zo gidana da kanta, ta tsaya a tsakar gida ta ce ba aiko ta aka yi ba, amma in ina da abin faɗa in yi sauri. Na tafi. Na same shi ya rame, hannun nan kwance a kan ƙirjinsa. Na durƙusa, sai hawaye. Ya ce a kawo mini ruwa. Ya tambayi ciwon gwiwata, ya ce ya daɗe yana ganin ina ɗingishi daga nesa. Da na samu na ce ya yafe mini, sai ya ce nasa ya wuce tun a amalanke, kafin a kai hanya.

"Amma ni hannu na rasa," in ji shi. "Wancan rabin jikinai ya rasa. Ka tahi can. In ka dawo ka ba ni labari, ina jira."

Na ce to. Na fito da niyyar zuwa. Na kai bakin makarantar allo na juya. Washegari na ce sai Juma'a. Juma'a na ce sai an gama girbi. Kullum ina zuwa wurin Yaya, muna hira kan Inna da awakin da muka ɓatar muna yara, kuma kullum in zan tashi sai ya ce, ka je? In ce gobe. Bai taɓa yi mini faɗa ba. Watanni biyar muka yi haka. Ranar Litinin da la'asar ya tambaye ni, na ce gobe. Ya lumshe ido ya ce Allah ya kai mu.

Bayan addu'ar uku, da jama'a suka watse, ban koma gida ba. Na bi ta gaban makarantar allo na yi sallama a ƙofar gidan mai aron. Matarsa ta leƙo, ta gan ni, ta daɗe tsaye kafin ta ce in shigo. Yana zaune a inuwar rumbu, an jingina shi da buhu, yawu na zuba ta gefen bakinsa. Babban ɗansa ya miƙe da ganina, uban ya ɗaga hannun hagu, sai ɗan ya koma ya zauna.

Na tuɓe takalmi, na durƙusa a ƙasa. Na faɗi komai da bakina, cewa na ga hatsinsa na yi kwaɗayi, cewa ya zo ba makami, cewa na ji an kira ni kuma na sauke gorar da sanina. Na ce ban zo da hujja ba.

Ya daɗe yana kallona. Sai ya miƙo hannun hagu ya kama nawa, ya ja shi zuwa kansa, ya ture hular. Akwai rami a wurin, yatsuna uku suka shige. Fatar tana motsi a hankali tare da bugun zuciyarsa. Na so in janye, ya danne. Ya yi magana, kalma ɗaya ɗaya, da wahala.

"Shekara goma sha ɗaya. Yayanka na zuwa. Yana roƙo. Na ce, mai gora shi zo."

Na ce ga ni.

"Na gani." Ya saki hannuna. "Ban ce na yahe ba. Ka dawo Juma'a."

Na ce zan dawo. Matarsa ta kawo ruwa a kwano ta ajiye a gabana. Na sha.

Da na fito ƙafata ta ɗauke ni zuwa gidan Yaya kamar yadda ta saba. Sai da na kai bakin zaure na ga tabarmin masallaci a naɗe an jingine su, sannan na tsaya. Na juya na bi hanyar maƙabarta. Ƙasar kabarin ba ta gama bushewa ba. Na tsuguna wajen kansa na ce, Yaya, na je. Na gaya masa yadda aka yi, ban ƙara ba, ban rage ba, har da cewa ba a yafe ba tukuna.

Allah Ka yalwata masa kabarinsa, Ka miƙe masa hannunsa a Aljanna. Wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a. Ni kuma a roƙa mini Allah ya kai ni Juma'a.